Faretin Ƙasa a Gombe: Wa Ke da Kujera a Pantami?

Babu inda ake sayar da tikitin kallon fareti a Gombe. Ko mutum ya karaɗe gari daga Tumfure zuwa Bolari da kuɗinsa a hannu, ba zai samu tagar da zai miƙa su a ba shi takardar shiga ba. Abin da ake da shi katin gayyata ne, shi kuwa ba a saye, ba a nema, aiko wa mutum ake yi in ya isa a aiko masa. Wanda bai isa ba sai ya dogara da sa'a. Wata shekarar a buɗe ƙofa ya kutsa cikin turmutsutsu, wata shekarar a ce masa yau taron na manya ne, wata shekarar ma ya ji a rediyo cewa an taƙaita biki, addu'a kawai za a yi a masallatai da coci-coci. Mutane da yawa za su ce wannan ai ba abin ɓata tawada ba ne a lokacin da buhun masara ya fi ƙarfin albashi. Ni kuwa ina ganin yadda ake raba kujeru a ranar ƙasa yana faɗa mana wa ake ɗauka mai gida a ƙasar nan, wa kuma ake ɗauka ɗan rakiya.

Ranar 1 ga Oktoba biki biyu ce ga mutumin Gombe. A ranar ce Najeriya ta karɓi 'yancin kai a 1960, a ranar ce kuma cikin 1996 Janar Sani Abacha ya yanke Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, tare da ƙirƙiro Zamfara da Nasarawa da Ekiti da Ebonyi da Bayelsa. Wanda ya fara riƙe sabuwar jihar ma mai kaki ne, Gurub Kyaftin Joseph Orji na sojin sama, sai Kanar Muhammad Inuwa Bawa ya gaje shi, kafin Abubakar Habu Hashidu ya karɓa a 1999. Jihohi shidan nan ne kaɗai ranar haihuwarsu ta faɗo daidai da ta ƙasa a wancan rabon. Idan akwai garin da ya kamata a ce tun daga tsakiyar Satumba yara sun hana iyayensu barci da zancen fareti, Gombe ce.

Ya kamata a bambance abu biyu, don mutanenmu kan haɗa su a ƙarƙashin suna ɗaya. Faretin sojoji na sosai, mai tankokin yaƙi da jiragen sama masu barin hayaƙi kore da fari, na Abuja ne, domin soja na gwamnatin tarayya ne, gwamna ba shi da ko kurtu ɗaya a ƙarƙashinsa. Abin da aka saba gani a jihohi ranar 'yanci shi ne macin 'yan sanda da badujalarsu, sai jami'an sibil difens, da na kiyaye haɗurra, da 'yan kwana-kwana, da masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan sikawut, da 'yan agajin ƙungiyoyin addini, sannan jerin 'yan makaranta. Ranar da soja ke fitowa da kansa a manyan biranen jihohi ita ce 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, wadda aka ɗora a kan ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A ranar ne ake busa begila a yi tsit, a ajiye furanni ɗaya bayan ɗaya, a harba bindiga sama, a saki fararen tattabaru. Bikin bai fi awa biyu ba, amma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa ya ji yadda ƙarar takalma ɗari ke sauka a ƙasa lokaci guda, ya san talabijin ba ta iya kawo wannan gida.

To, wa ke tsayawa kusan? Duk wanda ya saba zuwa irin waɗannan taruka a jihohinmu ya san tsarin filin tun kafin ya isa. Akwai ɓangaren inuwa, mai kujerun da aka manna wa sunaye da ruwan gora a kan teburi. Nan ne mazaunin kwamishinoni da masu ba da shawara da manyan sakatarori da shugabannin jam'iyya, da wakilin wane da wakilin wakilin wane. Rabin kujerun kan zauna fayau har a tashi, don masu katin sun ba direba ko sun manta da shi a aljihun mota. Sai kuma ɓangaren rana. Can ne za ka ga 'yan firamare da aka tara tun bakwai na safe, an goge musu takalma da farar hoda, an sha guga a yunifom, malama na bi tana gyara musu layi da gefen littafi. Kafin jiniyar manyan baƙi ta kaɗa, hantsi ya dubi ludayi, biyu ko uku sun yanke jiki sun faɗi, 'yan agaji sun kwashe su zuwa gindin bango ana yi musu fifita da kwali. Uwar da ta tashi da asuba ta shirya yaron tana waje, bakin ƙofa, tana roƙon wani mai kulki ya bar ta ta leƙa. Ɗanta zai wuce gaban rumfa ya juya kai dama ya sara wa mutanen da ba su san sunan makarantarsu ba, ita kuma sai dai ya ba ta labari a gida.

Ba haka kawai aka wayi gari ƙofofi suka tsuke ba, kuma rashin adalci ne a yi kamar an manta. Ranar 1 ga Oktoba 2010, ana tsakiyar bikin cika shekara 50, motoci biyu suka tashi da bama-bamai a kusa da dandalin Eagle Square, aƙalla mutum 12 suka mutu, ƙungiyar MEND ta yankin Neja Dalta ta ɗauki alhaki. Daga shekarar da ta biyo baya aka janye bikin zuwa harabar fadar shugaban ƙasa, inda sai mai kati ke shiga. Gombe kuma ta ga nata da idonta. An kai hari tashar Gombe Line a ƙarshen Oktoban 2014, aka kai tashar Dukku a Disamba. Ranar 2 ga Fabrairu 2015 bam ya tashi a wajen filin da Shugaba Goodluck Jonathan ya yi gangamin neman zaɓe, 'yan mintoci bayan ayarinsa ya fice. Ranar 14 ga watan 'yan Boko Haram suka yi yunƙurin shigowa gari da rana tsaka, sojoji da jirgin yaƙi suka kora su, aka sa dokar hana fita. A jajibirin ƙaramar Sallah, 16 ga Yuli 2015, bama-bamai biyu a babbar kasuwa suka ci kusan mutum 50, galibi masu sayayyar Sallah. A irin wannan yanayi, jami'in da ya ce kada a tara dubban mutane a wuri ɗaya ya yi abin da hankali ya ba shi. Duniya ma ta san fareti na iya zama tarko: a kan mumbarin fareti aka harbe Anwar Sadat na Masar ranar 6 ga Oktoba 1981.

Abin da nake ja da shi shi ne yadda matakin wucin gadi ya zauna daram ya zama al'ada. An shekara kusan goma rabon Gombe da irin waɗancan hare-hare. A tsawon wannan lokaci filin wasa na Pantami bai zauna a kulle ba. A cikinsa aka rantsar da Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya a 2019 da 2023. A cikinsa jam'iyyu ke cika maƙil da magoya baya duk kakar zaɓe, har a riƙa alfahari da cewa babu masaka tsinke. A cikinsa magoya bayan Gombe United suka saba yankar tikiti a ƙofa, a caje su, su shiga su sha ihu su fito. Ranar hawan Sallah kuwa, tun daga ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Gombe Abubakar Shehu Abubakar har zuwa titunan da dawaki ke bi, mace da namiji, yaro da tsoho, kowa na samun inda zai tsaya ba tare da wani ya tambaye shi kati ba. Idan tsaro ya iya ɗaukar nauyin gangamin siyasa da ƙwallo da hawa, da wuya a gamsar da ni cewa ranar ƙasa ce kaɗai ta fi ƙarfinsa. Gaskiyar magana ita ce gangami yana da mai shi, wanda ke buƙatar a ga jama'a. Ranar ƙasa ba ta da wanda zai faɗi zaɓe in filin ya zama wayam.

Abuja ma ba ta taimaka ba, kuma jihohi ita suke kallo. An dawo da fareti Eagle Square a 2018, bayan shekara bakwai, aka yi na cika shekara 60 a 2020, daga baya aka sake komawa bikin cikin gida. A 2025 ana saura kwana biyu gwamnatin tarayya ta sanar da soke faretin cika shekara 65 ɗungurungum. Duk lokacin da aka yi haka a sama, jami'in jiha ya samu hujjar da zai rataya a wuya.

Me aka rasa? A nan ne nake son mai karatu ya tsaya da ni. A tambayi matashin Gombe mai shekara 20 inda ya taɓa ganin soja ido da ido. Zai ce a shingen bincike, a hanyar Biu ko ta Potiskum ko ta Bauchi. Zai tuna lokacin da ɗan acaɓa ke kashe babur ya sauka ya tura tun daga nesa, fasinja na biye da hannu a sama. Zai tuna an ce kada a amsa waya, kada a yi dariya, kada a haɗa ido. Yayyensa za su ƙara masa da labarin tsallen kwaɗo. In aka koma can baya, ɗaya daga cikin haɗuwar farko da ƙasar Gombe ta yi da sojan zamani mai tafiya a layi ita ce Burmi, kusa da Bajoga, a Yulin 1903, inda dakarun Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru da ɗaruruwan mabiyansa. Wato tun asali soja a wurinmu mutum ne da ake kauce wa. Alhali rundunar da ke barikin Gombe, ta 301 mai manyan bindigogi, ba baƙi ne daga wata duniya ba. Kuma babu ƙaramar hukuma cikin 11 na jihar nan, daga Nafaɗa zuwa Shongom, da ba ta tura 'ya'yanta Zariya horon kurata ba, babu kuma wadda ba a yi zaman makokin wani da ya faɗi a dajin Borno ba. Akwai gwauraye mata a Billiri da Kaltungo da Deba da Dukku waɗanda abin da ya rage musu na mazajensu shi ne hoto da kaki a bango. Ranar 15 ga Janairu tasu ce kafin ta zama ta kowa. Amma abin da aka saba shi ne a zaɓo ɗaya ta ajiye fure a madadin sauran, a ɗauki hoto, a watse.

Akwai masu tsoron cewa yawan nuna soja ga yara zai sa su ƙaunaci mulkin kaki, musamman da yake tun 2020 sojoji suka ƙwace mulki a Mali da Gini da Burkina Faso da Nijar. Ina jin wannan tsoron, amma ina ganin an karanta faretin a baibai. A lura da abin da ke faruwa a filin. Hafsa mai tauraro a kafaɗa ya tako da takobi, ya ƙame a gaban mutum mai babbar riga wanda ba ya riƙe da ko sanda, ya nemi izininsa kafin a fara, ya sake neman izininsa kafin a tashi. Mai babbar rigar nan ƙuri'ar mai sayar da gwanjo ce ta tsayar da shi a wurin. Babu darasin tsarin mulki da malami zai rubuta a allo ya kai wannan shiga kan yaro. Sai dai darasin ba ya da amfani in ɗaliban suna bayan katanga.

Kada kuma a ɗauka ina cewa a wangale ƙofa kowa ya afka. Mun ga abin da hakan ke haifarwa. A Maris 2014 an tara masu neman aikin hukumar shige da fice a filayen wasa na ƙasar nan ba tare da lissafin yawansu ba, sama da mutum 15 suka mutu a turmutsutsu. A Disamba 2024 yara 35 suka rasu a Ibadan a wajen wani bikin rabon kyauta. Taro na kyauta wanda ba a ƙidaya ba shi ne mafi haɗari. Abin da tikiti ke yi ke nan, ko da ba a biya ko kwabo ba: yana gaya wa mai tsaro mutum nawa ke zuwa, ta wace ƙofa, a wane layi za su zauna. Yana kuma gaya wa talaka abin da katin gayyata bai taɓa gaya masa ba, cewa kujerar nan tasa ce, babu mai kulkin da zai tashe shi don wani ya iso.

Wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan. Singafo tana bikin ranarta 9 ga Agusta, kuma masu son shiga sun ninka kujerun filin sau da yawa. Da can layi ake kwana a kai. Tun 2003 suka koma ƙuri'a: ɗan ƙasa ya tura lambar katin shaidarsa, ya faɗi ko kujera biyu yake so ko huɗu ko shida, na'ura ta zaɓa, wanda ya dace ya je ya karɓa kyauta. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu ba ƙuri'ar ba ce. Kafin ranar ana yin gwaje-gwajen fareti cikakku a ranakun Asabar, kuma an ware wasu don 'yan aji biyar na firamare, ta yadda kowane yaro a ƙasar zai ga faretin ƙasarsa da idonsa sau ɗaya kafin ya gama firamare. A Indiya, faretin 26 ga Janairu a Delhi tikitinsa rufi 20 ne da rufi 100, ana saye ta intanet ko a taga. A Faransa duk mai son kallon na 14 ga Yuli sai ya yi sammako ya samu wuri a bakin titi, a caje shi ya wuce. Maƙwabtanmu na Nijar kuma wata dabara suka yi: suka riƙa zagayawa da bikin 18 ga Disamba jiha-jiha, Maraɗi ta karɓa a 2015, Tawa a 2017, Damagaram a 2018, har Bamaraɗe ya ga faretin sojan ƙasarsa a titin garinsu ba sai ya je Yamai ba. An yi ƙorafin kuɗin da aka kashe da ayyukan da ba a kammala ba, amma ba a yi ƙorafin cewa talaka bai gani ba.

A dawo Pantami a yi lissafi. Filin na ɗaukar kimanin mutum 12,000. Jihar na da mazaɓu 114. A ce an ware rabin kujerun, 6,000, an raba daidai, kowace mazaɓa za ta samu 52, daga Jekadafari da Herwagana har ƙauyen da ke kan iyakar Taraba. Sauran rabin ya isa a ba iyayen yaran da za su yi maci, da tsofaffin sojoji, da iyalan waɗanda suka rasu a bakin aiki, da masu buƙata ta musamman, har a rage wa manya abin da ya ishe su. Rumfar inuwa kuwa a fara cika ta da dattijon da ya yi yaƙin basasa ko ya je Laberiya da Saliyo, wanda gwiwarsa ba ta ɗaukar tsayuwa. Kwamishina mai shekara 45 ba zai narke ba don ya zauna a layi na uku. Ranar gwajin ƙarshe, wadda dama ana yin ta ko da kowa ko babu kowa, a buɗe ta ga makarantu bi da bi. A kuma kafa lokaci a tsaya a kansa. Idan an rubuta ƙarfe takwas, a fara ƙarfe takwas, don rashin cika lokacin manya ne ke kayar da yara, ba macin ba.

Na san inda gizo ke saƙar. Duk takardar da aka ce kyauta ce a ƙasar nan, kafin ta bar ofis ta samu dillali. In aka miƙa tikitin nan ga shugabannin jam'iyya na mazaɓu, to an gama: za a wayi gari filin ya cika da huluna iri ɗaya da riguna masu hoton ɗan takara, 'yan daban Kalare su mamaye ƙofa, mai iyali ya ja 'ya'yansa ya koma gida. Mutumin Gombe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Don haka rabon bai kamata ya bi ta hannun ɗan siyasa ba. A bi ta makarantu, ta ƙungiyar tsofaffin sojoji, ta masu unguwanni, sauran kuma a yi ƙuri'a da lambar waya a karanta sunaye a rediyo kowa na ji, kamar yadda aka san ana yi a wasu rabe-raben. A hana shiga da tutar jam'iyya ko hoton kowa. Ba na cewa ba za a yi maguɗi ba. Za a yi. Amma tsarin da ake iya kama maguɗi a cikinsa ya fi wanda babu ma ƙa'idar da za a ce an karya.

Saura batun kuɗi, wanda shi ne hujjar da aka fi jefowa. Buga takarda 12,000 masu lamba bai kai kuɗin shafukan taya murna da ake saya a jaridu a ranar ba, waɗanda ke ɗauke da hoton gwamna da na mai taya murnar. Masu macin albashinsu na tafiya ko sun fito ko ba su fito ba. Filin an riga an gina. Abin da zai ci kuɗi na gaskiya shi ne ruwan sha ga yara, da motar asibiti, da motocin ɗauko mutanen nesa, kuma waɗannan ba su ne ke talauta jiha ba. Mai cewa yunwa ake ji ba fareti ba, gaskiya ya faɗa game da yunwar, amma shekarun da aka soke fareti ban ga farashin gero ya sauko ba.

Roƙona ga gwamnatin jiha, da kwamandan barikin Gombe, da kwamishinan 'yan sanda, da ƙungiyar tsofaffin sojoji, shi ne su zauna tun da sauran lokaci su fitar da tsari a rubuce: kujera nawa, ta wa, a ina ake karɓa, wace rana. A fara da 15 ga Janairu, tun da taronta ya fi sauƙin riƙewa, a ga inda aka yi kuskure, a gyara kafin Oktoba. Kai kuma mai karatu, in ɗanka ko 'yarka na cikin masu maci a bana, je ka wurin shugaban makaranta tun yanzu ka tambaye shi ina kujerar iyaye, ka ce ya kai tambayar gaba.